Gahawar Kora

Lamija ce ta jawo wa uwarta Zumreta wannan rigimar, kuma da kyakkyawar niyya ta jawo ta, irin niyyar nan ta 'yan birni masu zuwa ƙarshen mako su gyara maka rayuwa, su koma abinsu su bar ka da jidali. Ta iso daga Sarajevo wata ranar Asabar, nan unguwarmu da ke gefen Bugojno inda kwalta ta ƙare gonakin malina suka fara. Ko rigar sanyinta ba ta cire ba ta wuce kicin, ta buɗe kabad, ta zaro jan fakitin gahawar da Zumreta ke saye a kantin Hazim tun Lamija na rarrafe, ta jefa shi a jakarta. A gurbinsa ta ajiye wata jakar takarda mai hoton wata baƙar mata tana dariya, da kwando a kwankwasonta.

"Wace ce wannan kuma?" in ji Zumreta.

"Sunanta Dureti, Mama, a Habasha take. Ita da matan ƙauyensu suka noma abin da ke ciki, a inuwar itatuwa, ba a sare daji ba, ba a fesa guba ba. Kuma an biya su haƙƙinsu yadda ya kamata, ba ta hannun dillalai ba."

"To madalla, Allah ya ƙara mata lafiya. Miƙo min tawa."

Lamija ta san uwarta, ta kuma san inda ake taɓa ta. Ta ja kujera ta zauna ta ce, "Mama, kin tuna shekarar da kika juye malina a rafi?"

Zumreta ta tuna, wa zai manta? Malina 'ya'yan itace ce marar haƙuri. Ka tsinke ta da sassafe tana ja jawur, kafin la'asar ta fara narkewa tana zubar da ruwa. Saboda haka duk wanda ke da ɗakin sanyi a yankin nan, shi ke riƙe da maƙogwaron mai gona. Yana zaune da sikelinsa, ba zai faɗi farashi ba sai akwatunanka sun sauka a gabansa, lokacin da ya san ba ka da inda za ka kai su. A waccan shekarar abin da mai ɗakin sanyin ya faɗa ya yi wa Zumreta zafi har ta tura baronta bakin gada ta juye aikin yini guda a ruwa, ta koma gida ta kwanta ba ta ci abinci ba.

"Abin da ake yi wa masu gahawa ke nan," in ji Lamija. "Wadda kike saye a wurin Hazim, kin san me ya sa take da arha?"

Zumreta ta ɗauki jakar takardar ta matsa da ita kusa da taga. Ba fuskar matar ta duba ba, hannunta ta duba, ta ga yatsun a faffashe kamar nata. Nan take ranta ya ɓaci, ta ce, "Wallahi na daina. Jan fakitin nan ba zai sake shiga gidana ba." Duk unguwarmu kuwa an san Zumreta da abu ɗaya, in ta rantse ko ita kanta ba ta isa ta sa kanta ta janye ba. Lamija ta sumbaci goshinta, ta ci abinci ta ƙoshi, washegari ta hau mota ta koma birni tana jin ta gyara duniya.

Abin da yarinyar ba ta lissafa da shi ba shi ne Fikreta. Danga ɗaya ce ta raba gidanta da na Zumreta, kuma tun suna amare kowace safiya Fikreta ke ratsowa ta ɓarakar dangar ta zo su sha gahawa. Tun da Rifat mijin Zumreta ya rasu, Lamija kuma ta tafi birni, ƙarar silifas ɗin Fikreta a bakin ƙofa ita ce kaɗai abin da ke sa Zumreta tashi ta share ɗaki ta ɗaura ɗankwali mai kyau. Ba abin da ba sa tattaunawa, daga ciwon gwiwa har auren 'ya'yan mutane, sai magana ɗaya da suke zagayewa: Ekrem, ɗan Fikreta tilo, wanda yanzu shi ne mai ɗakin sanyin. Ya saye shi daga hannun tsohon mai shi, ya kuma gaji halinsa har da ƙari. 'Yan layukan malinar da suka rage wa Zumreta, gaban sikelinsa take kai su, ya zabge abin da zai zabge, ta haɗiye ta dawo, albarkacin uwarsa.

Ranar Litinin Zumreta ta buɗe jakar. Ƙwayar ta ba ta mamaki, don kalar ɓawon burodi gare ta, ga tauri har injin niƙanta na hannu ya sa kafaɗarta ciwo. Ta zuba garin a 'yar butarta ta tagulla mai dogon mariƙi, ta ƙara cokali, ta sake ƙarawa, amma abin ya ƙi yin baƙi. Ta ce a ranta wataƙila haka masu kuɗi ke shan tasu.

"Salamu alaikum, masu gidan nan sun mutu ne ko da saura?" Muryar Fikreta ke nan daga ƙofa.

"Da saura, sai na ga bayanki. Shigo."

Fikreta ta shigo ta zauna a gurbinta na gefen taga, ta kunna sigarinta, ta ɗauki ƙwayar sukari ta riƙe tana jira. Zumreta ta tsiyaya mata. Abin da ya sauka a finjalin fari-fari ne, har kana hango zanen da ke ƙasansa.

Mu nan da gahawa ake faɗa wa mutum abin da baki ke jin nauyinsa. Baƙo ya shigo a ba shi ta maraba, baƙa wuluk mai kauri. Zama ya yi daɗi a ɗora ta hira. In kuwa ya miƙe ƙafa ya manta yana da gida, sai uwargida ta ƙara ruwa a kan diddigar da ta rage, ta kawo masa wata aba tsululu. Ita ce gahawar kora, kuma mai hankali yana ganinta yake fara laluben takalminsa. Amma a ce an ba mutum ita a finjalin farko, wannan ko mai yanke wutar lantarki ba a yi masa haka.

Fikreta ta dubi finjalin, ta dubi Zumreta. "Ke, yanzu fa na shigo. Ko kujerar ba ta yi ɗumi ba."

"Sha mana, sabuwa ce."

Ta kurɓa. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya. "Har da tsami! Lalle na kai. Kora ce ta musamman aka haɗa min."

"Wallahi ba kora ba ce, 'yar uwa. Ta ma fi wadda muka saba sha tsada nesa ba kusa ba."

"Tsada? Ashe yanzu ruwan wanke-wanke ma sayensa ake yi?"

Zumreta ta sauko da jakar, ta nuna mata hoton, ta fara bayani yadda ta ji daga bakin Lamija. Da ta tsaya a kan inuwar itatuwa da gubar feshi, da an yi dariya an wuce wurin. Amma maganar ta yi mata daɗi a baki, tsohon ciwo ya motsa, murya ta hau sama. "Wannan matar an biya ta guminta! Ba irin ɓarayin nan masu sikeli ba, da za su zauna a kujera mai juyawa cikin sanyi, ke kina tsugune tun asuba ƙaya na yagar ki, su ce miki kayanki sun jiƙe, su..."

Nan ta ji abin da take faɗa, ta kuma tuna wa take faɗa wa.

Fikreta ta murje sigarinta a hankali. "To na ji. Finjali ya faɗa, baki ya maimaita. Ashe shekara da shekaru abin yana cikinki kina min dariya." Ta miƙe, ta fita, ta take bayan silifas ɗinta don ba ta tsaya saka su daidai ba. Kuma ba ta bi ta ɓarakar danga ba, ta ƙofar titi ta zagaya kamar baƙuwa.

Mace mai hankali da ta bi ta da gudu. Zumreta kuwa hankali ba ta rasa shi ba, girman kai ne ya yi masa yawa. Ta zauna ta shanye finjali biyun ita kaɗai, tana yatsine fuska, tana harar matar Habasha.

Kafin azahar labari ya gama unguwa. A bakin famfo an ce Zumreta ta talauce. A layin masallaci an ce ta zare. Washegari Fikreta ba ta zo ba, wanshekare ma haka. Abin da ya fi ci wa Zumreta rai shi ne inda ta koma shan gahawa: gidan Subhija na tsallaken titi, Subhijar da su biyun suka shekara suna yi wa dariya don tana raba ƙwayar sukari biyu ta ba baƙo rabi. Kowace safiya Fikreta sai ta bi ta gaban ƙofar Zumreta kanta a sama, in ta shiga can kuma ta riƙa ƙyaƙyata dariya da ƙarfi yadda za a jiyo. Zumreta na bayan labule tana cewa ko a jikinta. Ƙarya take yi. Ta yi kewar matar nan har abinci ya daina mata daɗi, kuma tsoro ya kama ta cewa a shekarunsu ba a sake yin sabuwar ƙawa.

Ta kira Lamija a waya. "Abar nan da kika kawo min ba ta soyu ba."

"Haka take, Mama. Sama-sama ake soya ta don ki ji ɗanɗanon lemo da ƙamshin fure."

"In lemo nake so ai na san hanyar kasuwa."

"Don Allah kada ki taɓa ta. Wani ƙwararre ne ya soya ta, har Italiya ya je koyo. Kuma ki daina sa mata sukari, kina kashe ta."

"Ita ta fara kashe ni," in ji Zumreta, ta ajiye wayar.

Ranar da sukarinta ya ƙare dole ta je kantin Hazim. Tsohon nan ba ya barin abin tsokana ya wuce shi. Tana shiga ya zaro jan fakiti ya turo mata a kan tebur.

"Maraba da mai gahawar Turawa. Ɗauki abinki, Zumreta, ki shirya da maƙwabciyarki. Ni dai ba zan gaya wa matar Habasha ba, ba ni da lambarta."

Ta ɗauka. Ta ji nauyinsa a hannunta, ta shaƙi ƙamshin nan da ta sani, ta ga da wannan kaɗai gobe Fikreta za ta iya dawowa. Ta daɗe a tsaye. Rantsuwar na nan, amma ba ita kaɗai ta hana ta ba. Tun da ta san abin da ta sani, sai take ganin kamar a ce ita ce yanzu zaune a bayan sikeli. Ta mayar da fakitin ta ce, "Ba ni sukari kawai, kuma ka rage surutu, gemunka na zubewa."

A hanyar gida ne dabara ta faɗo mata, har ta tsaya cak a tsakiyar titi. Ita fa a kan wanda ya noma da abin da aka biya shi ta rantse. Ba wanda ya rantse a kan kala.

Ta shiga rumfar bayan gida ta tono 'yar gangar ƙarfen da marigayi Rifat ke soya gahawa da ita, mai mariƙin da ake juyawa a kan wuta. Ta kankare tsatsar, ta wanke. Ba ta hura wuta nan take ba. Ta jira sai ranar da Fikreta ta shanya zannuwan gadonta, iska kuma ta juya tana kaɗawa wajen dangar. Sannan ta haɗa itace a tsakar gida dab da ɓarakar, ta zuba rabin aikin ƙwararren da ya je Italiya a cikin gangar, ta zauna tana juyawa. Ƙwaya ta fara fashewa tana ƙara, hayaƙi mai kauri ya tashi ya haye danga ya shige cikin wankin mutane. Ƙamshin kuwa ya kai har layin masallaci.

Ba a daɗe ba sai ga kai ya leƙo.

"Wane marar tsoron Allah ne ke ƙona min wanki?"

"Gidana ne, wutata ce," in ji Zumreta ba ta ko ɗago ba. "Iska kuwa ba ni na aiko ta ba, kai ƙara wurin mai ita."

Fikreta ta shinshina iska, hancinta na motsi. "Ta wuce fa."

"Ba ta wuce ba."

"Na ce miki ta wuce! Ba ki ji ƙarar ta canza ba? Ke dama ba ki taɓa iya suya ba, Rifat ne ke rufa miki asiri. Sauke, sauke, za ki mayar da ita gawayi!"

"To in kin iya zo ki sauke."

Ta ɓarakar danga ta shigo, tana faɗa tana cewa ba don kowa ta zo ba sai don kada a yi asarar abinci. Ta fizge mariƙin, ta juye ƙwayar a faranti tana fifita, baƙa ƙirin tana sheƙi. Ita ta daka a turmi da taɓaryar ƙarfe, ita ta ɗora butar, tana yi tana lissafa laifukan Zumreta tun daga na shekarar aurenta. Zumreta ta bar ta, don rabon da ta ji abu mai daɗi irin faɗan nan har ta manta.

Suka zauna a gindin tuffa. Fikreta ta gutsiri sukari, ta kurɓa, ta lumshe ido. Ba ta yaba ba, amma ta miƙo finjalin a ƙara.

"Bakina ya fi ni gudu ranar nan," in ji Zumreta. "Ki yafe min."

"Ƙarya kika yi?"

Zumreta ta juya finjalinta a hannu. "A'a."

"To shi ne abin da ya ƙona ni. Da ƙarya kika yi, da tun a ranar na zage ki mun shirya." Ta zaro sigari ta riƙe ba ta kunna ba. "Kina tsammanin ban sani ba? Layi ɗaya muka yi tsinka ni da ke. Ina ganin yadda mata ke gaishe ni a kasuwa da rabin baki. Rufin nan da Ekrem ya sake min, in ruwa na dukansa ba na iya barcin rana, don na san gumin su wa ya biya shi. Amma ɗana ne, shi kaɗai gare ni. In ya shigo ya ce Mama, sai bakina ya mutu."

Sannan ta kunna sigarin. Can Fikreta ta dubi farantin ta ce, "Duka kika ƙone?"

"Rabi."

"Bar ɗaya rabin yadda yake, fari-farinsa. Ranar Juma'a Ekrem yana zuwa wurina in an sauko daga masallaci. Ki zo da ita, ki zo da butarki, ke ma ki zauna."

Zumreta ta ajiye finjalinta. Ta gane abin da ake shiryawa, ta kuma san yadda irin wannan ke ƙarewa: uwa da ɗa su shirya bayan kwana biyu, laifi ya koma kan maƙwabciyar da ta kawo gahawar. Yanzu-yanzu ta samo ƙawarta, ga shi za a sake ɗora ta a kan wuta. "Fikreta, ki bar shi. Ni na haƙura da nawa."

"Ke kika haƙura. Ni ban haƙura ba."

Ranar Juma'a Ekrem ya iso a baƙar motarsa da ta cike rabin layin. Ƙato ne, mai fara'a, yana ƙamshin turare. Ya cire takalmi, ya sumbaci hannun uwarsa, ya juyo da murmushi. "Inna Zumreta! Ya ƙarfin jiki? Kullum ƙara yarinta kike yi."

"Sikelinka ne ya rage min nauyi, ɗan nan," in ji ta, ya yi dariya har da dukan cinya.

Fikreta ta shigo da tire, ta ajiye a gabansa, ta tsiyaya masa finjalin farko. Tsululu, fari-fari, ta ma ƙara masa ruwa don kada a yi shakka. Ta koma ta zauna ta harɗe hannu. Matan biyu suka zuba masa ido suna jiran fuskarsa ta canza.

Ta canza kuwa, amma ba yadda suka zata ba. Ya ɗaga finjalin ya shinshina, ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya lumshe ido.

"Mama! Ina kika samo wannan? Ta Habasha ce, ko? Na rantse ta Habasha ce, ji lemon nan!" Ya gyara zama, fuskarsa na walƙiya. "Ai ni yanzu ba na shan wata sai irin wannan, daga Vienna nake sa a aiko min ofis. Kun kyauta wa kanku. Ba ku san irin zaluncin da ake yi wa manoman can ba, abin sai ya sa ka hawaye. Mutum ya sha wahala shekara guda, dillali ya zo ya zauna da sikeli, ya san ba su da inda za su kai kayan, ya faɗi abin da ya ga dama. Rashin imani ne tsantsa. Dole mai saye ya riƙa tambayar daga ina abu ya fito, Inna Zumreta, in ba haka ba da mu ake yin zaluncin."

Zumreta ta cusa bakin ɗankwalinta a baki ta cije, kafaɗunta na rawa, hawayen dariya na zubo mata. Ta waiga don su haɗa ido da Fikreta, sai ta ga ita ba dariya take yi ba. Fuskarta ta yi fari fat.

Fikreta ta miƙe, ta zare finjalin daga hannunsa, ta ajiye a tire.

"Ekrem, ka san abin da na ba ka?"

"Gahawa mai kyau mana, Mama."

"A ɗakin nan na raine ka. Kana ɗan ƙarami kai kake raɗa min in ɗora wa baƙi gahawar kora in sun hana ka cin abinci. Yau na ba ka a finjalin farko kana lashe baki. To tun da ka daina jin maganar finjali, ji ta baki. Tashi ka fita."

Ya yi 'yar dariya. "Mama, wasa kike yi."

"Kana tausayin matar da ba ka taɓa gani ba, har da hawaye. Ga wadda ta taya ni yi maka wanka kana jariri, makon jiya ka duba akwatunanta ka ce sun jiƙe. Ranar da ka fara faɗa wa mutane farashi kafin su sauke kayansu, ka dawo. Kafin nan kada in ga motar nan a layina."

Ya dubi Zumreta ko za ta sa baki. Ita kuwa ta ga wani zare a jikin kafet da ke buƙatar a duba shi da kyau. Ya miƙe, kunnuwansa sun yi ja, ya fita ya tsuguna a bakin ƙofa yana fama da igiyar takalmi, ƙato guda, ba wanda ya raka shi. Ƙarar motar ta yi nisa har ta ɓace.

Fikreta na tsaye a taga ta ba ɗakin baya. "Kin ga abin da matar Habashanki ta sa na yi," in ji ta.

Ga shi nan tun ba a je ko'ina ba, in ji Zumreta a ranta, zuciyarta ta yi nauyi. Ta tashi a hankali ta ɗauki butarta da jakar takardarta, ta nufi ƙofa a kan yatsun ƙafa. Har ta kai hannu ga mariƙin ƙofar ta ji an cafke hannun rigarta.

"Ina za ki?" Idanun Fikreta sun cika taf. "Na kori ɗana, ke ma tafiya za ki yi?"

Zumreta ta ajiye kayan a ƙasa, ta ja ta suka koma kan kujera. Fikreta ta zaro sigari ta sa a baki, ta ƙyasta ashana ta karye, ta ƙyasta wata ta faɗi. Zumreta ta karɓi kwalin ta ƙyasta mata, ta tare wutar da tafin hannunta har ta kama.